Ma'anar "tsayawa cikin sanyi" a tashar nukiliya bayan girgizar ƙasa

Duk lokacin da girgizar ƙasa ta afka wa yankin da ke da tashar nukiliya, labarin farko da ake ji shi ne tukwanen nukiliyar, wato inda ake tarwatsa ƙwayoyin yuraniyom don samar da zafi, sun kashe kansu. Daga nan sai hankalin jama'a ya kwanta. Injiniyoyi kuwa nasu hankalin ba ya kwanciya sai an kai matakin da ake kira tsayawa cikin sanyi, wanda Japanawa ke ce wa reion teishi. Ana cewa tukunya ta kai wannan mataki idan tarwatsewar ƙwayoyin yuraniyom ta tsaya, ruwan da ke cikinta ya sauka ƙasa da digiri 100 a ma'aunin Salshiyos, matsin da ke ciki ya koma daidai da na iskar waje, kuma injinan sanyaya ta suna aiki ba tangarɗa. A Amurka iyakar da ake amfani da ita digiri 93 ce. A lokacin aiki, irin tukwanen tashar Fukushima Daiichi ta Japan suna kan digiri kamar 285, da matsin da ya ninka na iskar waje sau 70.

Kashewar farko ba ta da wuya. Na'urar auna girgiza tana jin motsi, sandunan da ke danne tarwatsewar ƙwayoyin su shige tsakanin sandunan makamashin yuraniyom cikin 'yan daƙiƙu. Sai dai ragowar abubuwan da tarwatsewar ta haifar suna ci gaba da fitar da zafi da kansu, kamar garwashin da ke ci bayan an zare itace daga murhu. Nan take bayan kashewa, wannan zafi ya kai kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari na ƙarfin tukunyar. Bayan awa ɗaya yana kusa da kashi 1.5, bayan kwana guda kamar rabin kashi ɗaya. Lissafin kamar ba komai, amma tukunya ta 2 a Fukushima Daiichi zafinta ya kai megawat 2,381, ke nan kwana guda bayan kashe ta tana fitar da sama da megawat 10. Wannan ya isa ya ƙafe ruwan da ya rufe makamashin. Idan sandunan makamashin suka fito fili, zafinsu ya wuce digiri 1,200, kwanson zirkoniyom da ke lulluɓe da su zai haɗu da tururi ya fitar da iskar haidurojin, kuma ita ce ke fashewa.

Aikin kwashe zafin sarƙa ce mai gaɓa uku. Famfo yana jan ruwan tukunya, ya bi da shi ta na'urar musayar zafi, wani famfon kuma a bakin teku yana turo ruwan da zai karɓi zafin ya tafi da shi. Ba a gaggawa, domin idan saukar zafin ta wuce digiri 55 a awa ɗaya ƙarfen tukunyar yana wahala. Kowace gaɓa a sarƙar nan wutar lantarki take so. Tashar da ke ba miliyoyin gidaje wuta, da ta tsaya, ita ce ta fi kowa buƙatar a kawo mata wuta.

A nan Daiichi ta faɗi. Ranar 11 ga Maris, 2011, da ƙarfe 2:46 na rana, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9 ta katse layukan da ke kawo wuta daga waje. Tukwane na 1, 2 da 3 da ke aiki suka kashe kansu, janaretocin dizal suka tashi. Kamar minti 50 bayan haka igiyar tsunami mai tsayin mita 14 zuwa 15 ta haye filin da ke mita 10 sama da teku. Ta cinye famfunan bakin teku, ta cika ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda janareto da batura da allunan rarraba wuta suke. Asarar allunan ita ce ta fi muni, don ko an kawo motar janareto, babu inda za a jona ta. Ma'aikata sun kwance baturan motoci don su iya karanta ma'aunin ruwa. Mutum kamar 40 suka ja wata waya mai tsawon mita 200 da nauyin sama da tan ɗaya zuwa allon da ya tsira a gini na 2, suna gama haɗawa ranar 12 ga Maris sai gini na 1 ya fashe, ɓaraguzai suka lalata wayar. Daga baya motocin kashe gobara ne suka riƙa ɗura ruwan teku. Makamashin tukwane ukun duk ya narke.

Janareto guda ɗaya a sashe na 6, wanda iska ke sanyaya shi kuma ruwa bai kai gare shi ba, shi ya ceci tukwane na 5 da 6. Sun kai tsayawa cikin sanyi ranar 20 ga Maris.

Wanda ke son ganin yadda ake farfaɗo da tasha, ya duba Fukushima Daini, kamar kilomita 12 kudu da Daiichi. Ita ma tsunami ta lalata famfunan bakin tekunta, amma layi ɗaya na wutar waje ya tsira, don haka ɗakin kula da na'urori bai yi duhu ba. Shugaban tashar, Naohiro Masuda, ya tura mutane suka duba abin da ya mutu da abin da ya rage, aka gano cewa injinan famfo da wayoyi ne matsalar. Aka kawo sababbin injina, wasu ta jirgin soja, wasu a mota daga tashar Kashiwazaki-Kariwa. Ma'aikata kamar 200 suka shimfiɗa waya mai nauyi ta kusan kilomita 9 da hannu cikin awa kamar 30. Suna kallon matsin kowane sashe, wanda ya fi hawa shi ake fara kai wa wuta. Zuwa 15 ga Maris duka tukwane huɗun sun tsaya cikin sanyi, da cikakkiyar ma'anar kalmar.

Na ce cikakkiyar ma'ana ne saboda abin da ya biyo baya a Daiichi. Ranar 16 ga Disamba, 2011, Firaminista Yoshihiko Noda ya sanar cewa tukwane na 1 zuwa 3 sun kai "yanayin tsayawa cikin sanyi." Kalmar "yanayi" da aka ƙara tana ɗauke da nauyi. Asalin ma'anar ta shafi lafiyayyar tukunya ce, wadda makamashinta ke mazauninsa, har ana iya buɗe murfi a zare shi. Waɗannan kuwa sun huje, narkakken makamashi ya zubo ƙasa. Sai gwamnati ta kafa nata sharuɗɗan: gindin tukunya ya kasance ƙasa da digiri 100, kuma ƙarin burbushin nukiliyar da mutum zai sha a bakin shingen tashar kada ya wuce milisibat 1 (ma'aunin burbushin da jiki ya ɗauka) a shekara. An yi aiki na gaske kafin a kai nan, amma a ganina aron kalmar ya sa mutane da yawa sun ɗauka an gama, alhali ana auna zafin gindin tukunyar da galibin makamashinta, musamman a ta 1, ba ya cikinta.

Abin da ke riƙe da wannan yanayi ma ba shi da ƙwari. Tun daga Yunin 2011 ruwan da aka ɗura yana tsiyaya zuwa ƙarƙashin gini, a zuƙo shi, a tace sinadarin siziyom da gishiri, a mayar da shi ta bututun da a farko tsawonsa ya kai kamar kilomita 4. Ana kuma hura iskar naitirojin don kada haidurojin ya taru. Saboda ba a amince da ma'aunan da suka sha wuya ba, an sa iyaka a digiri 80, aka bar 20 don kuskure. A Fabrairun 2012 wani ma'auni a tukunya ta 2 ya haura iyakar, aka ƙara ruwa, daga baya aka gano shi ne ya lalace. A Maris na 2013 ɓera ya shiga wani allon rarraba wuta na wucin gadi ya haɗa wayoyi, sanyaya tafkunan ajiye tsohon makamashi ta tsaya na kusan awa 30.

An kammala kwashe makamashin tafkin sashe na 4 a Disambar 2014, na sashe na 3 a Fabrairun 2021. Narkakken da ke ƙasan tukwane ukun an ƙiyasta ya kai tan 880, kuma samfurin farko da kamfanin TEPCO mai gudanar da tashar ya iya zarowa daga ta 2 a Nuwambar 2024 bai cika giram ɗaya ba. Jadawalin gwamnatin Japan ya sa kammala rushe tashar tsakanin 2041 da 2051, kuma har yanzu ana ɗura wa tukwanen ruwa.