Zuma Ba Ta Korar Atishawar Kaka

Da ciyawa ta yi fure, sai ka ga mutum yana atishawa ba ƙaƙƙautawa, ido ya yi ja yana ƙaiƙayi, hanci na ɗigar ruwa. Nan take a ce ya riƙa shan zumar garinsu, wai jiki zai saba da garin furen da ke cikinta.

Zuma tana lallashin maƙogwaro, amma ba ta warkar da wannan. Ƙudan zuma furanni masu ƙamshi yake bi, alhali garin furen da ke tayar da atishawar na ciyawa ne, iska ke kwaso shi.

Abin da ke sauƙaƙawa shi ne ɗauraye hanci da ruwan gishiri da aka tafasa ya huce. Don Allah kada a ba jariri zuma kafin ya cika shekara 1.