Ma'anar convertible: motar da ake yaye wa rufi

Duk wanda ya saba leƙa shafukan sayar da motoci a intanet ya sha cin karo da kalmar convertible a gefen sunan wata mota, wani lokaci kuma ya ga cabriolet, ko roadster, ko spider. Hoton da ke biye da su kusan iri ɗaya ne: mota gajera ta kwanta da ƙasa, kujeru a fili, direba ya ɗora gwiwar hannu a kan ƙofa. Daga nan sai mutum ya ɗauka ma'anar kalmar ita ce motar da ba ta da rufi. To, tana da rufi, sai dai ba a liƙe yake da jikinta ba. Ana naɗe shi a tura shi bayan kujeru, in an so kuma a jawo shi a rufe ruf kamar kowace mota.

Kalmar ta Ingilishi ce, tushenta kuma Latin, tana nufin abin da ake iya juya shi daga wata siffa zuwa wata. A wannan juyin ma'anar take. Motar da aka yanke wa 'yar taga a tsakiyar rufi ba ta shiga cikin wannan layin ba, domin ginshiƙanta da bakin rufinta suna nan daram. Sai an iya kawar da rufin gaba ɗaya, ya zama daga gilashin gaba zuwa but babu abin da ke tsakaninka da sararin sama, sannan ta ci sunan.

Sauran sunayen kuwa gado ne daga zamanin karusa. Cabriolet sunan wata 'yar karusa ce ta Faransa mai ƙafa biyu, doki ɗaya ke jan ta, tana da laima mai naɗewa. Sunan ya samo asali daga kalmar da ke nufin tsallen akuya, saboda yadda take cilla fasinja sama in ta hau gargada. Kamfanonin Faransa da Jamus ne suka fi son wannan kalma har yau. Spider, wato gizo-gizo, ita ma karusa ce mai ƙaramin jiki da dogayen ƙafafu sirara, kamfanonin Italiya irin su Ferrari da Alfa Romeo ne suka fi riƙe sunan. Roadster ana faɗarta ne ga mai kujera biyu kacal wadda aka ƙera don jin daɗin tuƙi. Akwai kuma targa, wadda Porsche ta fito da ita a 1965, ta aro sunan daga tseren Targa Florio na tsibirin Sisili: ana cire tsakiyar rufin ne kawai, a bar wani faffaɗan ƙarfe kamar baka a bayan kan direba. Ita rabi da rabi ce.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne buɗaɗɗiyar mota ita ce uwa, rufaffiya 'ya ce. Motar da Karl Benz ya yi wa rajista a 1886 ba ta da rufi ko na magani, kuma yawancin Ford Model T da aka fara sayarwa daga 1908 laimar tamfol gare su. A shekarun 1920 ne rufaffen bodi ya yi araha har ya rinjaya, sai abin da dā talaka ke hawa don ba yadda zai yi ya koma abin marmari na mai hali. A shekarun 1930 wani likitan haƙori Bafaranshe, Georges Paulin, ya ƙirƙiro rufin ƙarfe mai shigewa cikin but, Peugeot ta sa shi a motocinta masu suna Eclipse. A Amurka kasuwar ta yi tashe bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sannan ta faɗi warwas a shekarun 1970: na'urar sanyaya mota ta yaɗu, manyan tituna sun sa ana zabga gudu, ga kuma fargabar gwamnati za ta kafa dokar kifewar mota da buɗaɗɗiya ba za ta iya tsallakewa ba. Har Cadillac ta tallata Eldorado ta 1976 a matsayin ta ƙarshe da Amurka za ta ƙera. Ba a yi shekara goma ba Chrysler ta dawo da buɗaɗɗiyar mota a 1982, sai Mazda ta Japan ta fito da MX-5 a 1989, wadda zuwa 2016 an ƙera guda miliyan ɗaya.

Kafin a zo ga daɗi da wahala, akwai abu guda da in aka gane shi sauran duk sun warware. Rufin mota ƙashi ne daga cikin ƙasusuwanta. Ka ɗauki kwalin takalmi da murfinsa a rufe, ka riƙe gefe da gefe ka murɗa, za ka ji ya ƙi. Ka cire murfin ka sake murɗawa, sai ka ga ya lanƙwashe ba gardama. Haka bodin mota yake. Duk lokacin da taya ɗaya ta faɗa rami sauran ukun suna bisa, titi yana murɗa motar ne, rufi da ginshiƙansa ke tare wannan murɗiyar. Da an fille shi, nauyin ya koma kan ƙasan motar shi kaɗai. Don haka dole masu ƙira su ƙara kaurin ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, su gicciya wasu ƙarafa a ƙasa, su ƙarfafa firam ɗin gilashin gaba. Sakamakon abin mamaki ne ga wanda bai sani ba: motar da aka cire wa rufi ta fi 'yar'uwarta mai rufi nauyi, ta fi ta tsada, sau da yawa kuma ta ɗan fi ta shan mai. Duk da wannan ƙarin ƙarfen, a tsofaffin samfura in ka hau titi mai gargada za ka ga madubin tsakiya yana rawa, sitiyari yana kakkarwa a tafin hannunka, kamar gaban motar da bayanta ba su shirya ba. Na zamani sun rage wannan sosai, musamman waɗanda tun a takarda aka zana su ba rufi, irin su MX-5 da Porsche Boxster, saɓanin waɗanda aka ɗauko rufaffiya aka yi mata aski.

To me ya sa mutum zai biya kuɗi fiye don ya sami mota mai nauyi da ƙarancin wuri? Sai wanda ya zauna a ciki da la'asar sakaliya, rana ta yi sanyi, zai ba da amsa. Ka saki ƙugiyar da ke saman gilashi, ka tura rufin baya da hannu ɗaya, ko ka danna maɓalli ka ji shi yana naɗe kansa cikin daƙiƙa goma sha wani abu. Nan take hanyar da ka bi sau ɗari ta zama sabuwa. Kana jin ƙamshin ciyawar da aka yanka, kana jin iska ta sauya sanyi in ka gangara kusa da ruwa, kukan tsuntsu yana shigowa, ƙarar injin tana zuwa kunnenka ba shamaki. Kuma ga wani abu da nake ganin ya fi duk sauran amfani: gudun kilomita 60 a buɗe ya fi 120 a rufe daɗi. Motar tana ba ka nishaɗi ba tare da ka taka doka ko ka sa ranka a kasada ba. Gani ma yakan buɗe, babu ginshiƙin da ke tare maka ido a kwana ko wajen fakin.

Kai ma fa ana ganinka. Wasu wannan suke saye, wasu kuma shi ke hana su. A fitilar kan hanya kowa na jin waƙar da ka kunna da wayar da kake amsawa. Shugabanni sun daɗe suna son irinta don ɗaga wa jama'a hannu, har ranar 22 ga Nuwamba 1963 da aka harbe shugaban Amurka John Kennedy a birnin Dalas cikin buɗaɗɗiyar Lincoln Continental. Bayan nan aka yi wa motar rufi na dindindin da sulke.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗauka cewa mota ce ta ƙasa mai zafi. Ruwan sama ba shi ne babban abokin gabarta ba, rana ce. Yayyafi in kana tafiya da ɗan gudu iska ke ɗauke shi ta saman kanka, sai ka tsaya yake jiƙa ka. Sanyi kuma ana maganinsa da hita da kujera mai ɗumama jiki, har Mercedes ta sa wata 'yar kafa a wuyan kujerar SLK a 2004 mai hura wa ƙeya iska mai ɗumi. Amma rana tsaka ba ta da magani. Iskar gudu tana ruɗar fata, ba ka jin ƙuna sai ka sauka ka ga goshi da hannuwa sun gasu. Ka shiga cunkoso kuwa, ga zafi daga sama, ga hayaƙin babbar motar da ke gabanka, ga kujerar fata ta ɗau wuta. Ba banza ba Birtaniya da Jamus, masu hadari da sanyi, suke cikin manyan kasuwannin irin wannan mota a Turai. Inda ƙura ta yi yawa ma wani aiki ne, don kowane lungu na cikin motar sai ta shige shi. Saboda haka tambayar da ya kamata mai saye ya yi wa kansa ita ce kwana nawa a shekara zai buɗe rufin da gaske, domin wahalar motar kullum ce, daɗin kuwa sai ranar da yanayi ya yarda.

Iska kanta ta baya take bugowa. Tana haye gilashin gaba ta murɗo ta dawo wa ƙeya, shi ya sa ake kafa wata 'yar raga a bayan kujeru don karya ta. Wanda ke kujerar baya, in akwai ta, shi ke shan dukan. A babban titi hayaniyar takan haura ma'aunin desibel 85, wanda daga nan dogon zama yake fara cutar da kunne, ko da yake ɗaga gilasan gefe yana rage ta. In rufin yadi ne, ko a rufe yake za ka fi jin ƙarar tayoyin maƙwabta.

Wannan ne ya sa aka koma wa dabarar Paulin. Mercedes SLK ta 1996 da Peugeot 206 CC da ta biyo baya suka yayata rufin ƙarfe mai naɗewa, kowa ya ce an gama magana: shiru kamar rufaffiya, ɓarawo ba ya keta shi. Ashe gyaran gangar auzinawa ne. Ƙarfe ba ya naɗuwa kamar yadi, sai ya cinye but, har akwati biyu su gagara shiga in rufin yana ciki. Ga nauyi a sama da baya, ga tarin moto da famfo da na'urorin da ke gaya wa kwamfutar motar inda kowane sashe ya kai. Ɗaya ya yi gardama, rufi ya tsaya cak a rabin hanya, ba gaba ba baya. Daga baya BMW ta mayar da Z4 da 4 Series kan yadi, Mercedes ma ta yi haka da SL, domin yadin zamani mai hawa-hawa ya kusa kamo ƙarfe wajen tare ƙara da sanyi.

Maganar haɗari ita ce ta fi tsorata mutane, kuma a tsofaffin motoci tsoron yana kan hanya. Na zamani suna da ƙarfafaffen firam a gaba, da ƙarafa a bayan kujeru, wasu a tsaye kullum, wasu a ɓoye sai mota ta fara kifewa su yi tsalle su fito. Mercedes SL ta 1989 ce ta shahara da wannan, nata yana tashi cikin kusan sulusin daƙiƙa. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora a Amurka ta kwatanta sabbin samfura da takwarorinsu masu rufi a 2020, ba ta samu sun fi su kisa ba. Sai dai ta ga direbansu ya fi saurin cilluwa waje in haɗarin ya yi muni, kuma kada a manta masu irin wannan mota sun fi fito da ita a yanayi mai kyau. Duk kariyar nan an gina ta ne bisa zaton kana ɗaure da bel. Ba bel, ba abin da zai riƙe ka.

Saura ɗawainiya. Rufin yadi wuƙa ɗaya ta ishe shi, har wasu masu ita sun gwammace su kwashe komai su bar ƙofa ba kulle, don kada a keta musu rufin da ya fi abin da za a sata tsada. Yana son inuwa ko gareji, ba ya son kashin tsuntsu da ƙaron bishiya, ba a naɗe shi a jiƙe don kada ya yi fumfuna, kuma ba a matsa masa ruwa mai ƙarfi kusa-kusa wajen wanki. Tagar baya ta tsofaffi roba ce, takan yi rawaya ta dushe har ta tsage. Inshorarta ma sau da yawa ta ɗara.

In ta hannu za ka saya, kada fenti ya ɗauke maka hankali. Ka sa a buɗe rufin a rufe sau uku a gabanka, kana saurare, ka ga ko yana tafiya sumul ko yana tsayawa yana nishi. Ka bi robobin bakin gilasai da yatsa, in sun bushe sun tsattsage akwai yoyo. A gindin rufin, ta bayan kujeru, akwai 'yan ramukan da ke zubar da ruwan sama ƙasa, ganye da laka kan toshe su, ruwan ya koma cikin mota inda wayoyin lantarki suke. Ka ɗaga kafet na ƙasan kujera da na but ka danna tafin hannu, ka sunsuna. Sannan ka nemi a ba ka tiyo, ka zauna a ciki an rufe ko'ina, wani ya zuba ruwa a kai na minti biyar, kai kuma ka zuba ido a kusurwar da rufi ya haɗu da gilashin gaba.