Gidajen Abinci, Tukubar Nama da Hirar Dare a Birnin Sakkwato

Sakkwato, hedikwatar Jihar Sakkwato kuma mazaunin Sarkin Musulmi, gari ne da kasuwar abincinsa ta fi ci bayan faɗuwar rana. Tun da Muhammadu Bello ya kafa birnin a 1809 yake karɓar baƙi: malamai da almajirai, fatake, masu ziyarar Hubbaren Shehu, daga baya kuma ma'aikatan gwamnati da ɗaliban jami'a. Duk baƙo sai ya ci abinci, shi ya sa sana'ar dafawa da gasawa don sayarwa ta daɗe da kafuwa a garin. Abin da ake kira rayuwar dare a Sakkwato ya ginu ne a kan abubuwa uku da ba sa rabuwa, wato wutar mai nama, teburin mai shayi da tabarmar majalisa.

Dalilin da ya sa dare

Yanayin garin ne ya tsara lokacin cin abincinsa. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi kan haura digiri 40, kuma tsakanin azahar da la'asar mai hankali ba ya fita sai da dalili. A irin wannan rana ciki ba ya son nauyi. Fura da nono, wadda Basakkwace ke kira hura, ita ce abincin rana na mutane da yawa, saboda tana riƙe ciki tana kuma kashe ƙishirwa. Sai an sallame magariba iska ta ɗan sauko sannan gari ke buɗewa, bayan isha'i kuma kasuwar nama ta kankama. A watannin Disamba da Janairu, lokacin hunturu, abin ya kan juya: mutane na matsowa kusa da wuta don jin ɗumi, mai shayi da mai farfesu su ne ke cin kasuwa.

Inda naman ke fitowa

Ƙasar Sakkwato ƙasar kiwo ce, har wasu irin dabbobi sun ɗauki sunanta. Akwai jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake kira akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta riƙa ƙetare Sahara har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Akwai shanun Gudali masu gajerun ƙaho da tozo, ga tumaki Uda da Balami. Dabbobi na shigowa daga ƙauyukan jihar da kuma Nijar ta kan iyakar Illela da Birnin Ƙonni, su sauka a Kara, daga nan mahauta su saya su kai mayanka. Albasar da ake yankawa a kan naman ma ta gida ce, daga fadamun Gulbin Rima, wajajen Wurno da Goronyo da Kware, ban da ta Aliero a Jihar Kebbi da ta Galmi a Nijar.

Fawa sana'ar gado ce. Mahauta, waɗanda ake kira rundawa, suna da shugabansu, Sarkin Fawa, kuma yaro kan fara da wankin tire da hura wuta shekaru kafin a miƙa masa wuƙa. Su ne kuma a al'adance aka sani da dambe. Wanda ya dubi sunayen unguwanni irin su Runjin Sambo da Gawon Nama zai ga yadda sana'ar ta bar sawunta a bakin mutanen garin.

Tsire, balangu da kilishi

Mutanen kudancin Najeriya kan haɗa duk gasasshen nama su kira shi suya, amma a wurin mai sana'ar kowane da sunansa da hanyarsa.

Tsire shi ne naman da aka yanka falle-falle aka soke a tsinke. Ana barbaɗa shi da garin ƙuli-ƙuli da aka haɗa da gishiri da kayan yaji, a yayyafa man gyaɗa, sannan a kakkafa tsinkayen a kewayen tukuba, wato tudun ƙasa da toka mai wuta a tsakiya. Naman ba ya taɓa harshen wuta. Zafin da ke bugowa daga gefe ne ke gasa shi a hankali, mai tsire na zagayawa yana juya tsinke ɗaya bayan ɗaya. Wannan shi ne sirrin da ya bambanta tsiren tukuba da wanda aka ɗora kan waya aka gasa cikin gaggawa: ƙulin yana soyuwa ba tare da ya ƙone ba, kitsen kuma yana narkewa ya koma cikin tsokar. Tukubar ƙasa tana raguwa a manyan tituna, inda rabin ganga da ragar ƙarfe suka maye gurbinta, kuma duk wanda ya san ɗanɗanon biyun ya san an yi asara.

Balangu ba shi da tsinke, ba shi da ƙuli. Manyan yanka ne na rago ko akuya ko sa, a ɗora kan raga bisa garwashi, a rufe da takarda mai kauri domin ya turaru a cikin ruwan jikinsa. Gwanin balangu ana gane shi ne da haƙuri, don naman da aka matsa wa wuta waje zai ƙone ciki bai nuna ba. Ciniki a gaban tirensa yana da nasa tsari. Mai saye ya tsaya ya yi sallama, mai nama ya yanko ɗan guntu ya miƙo a bakin wuƙa ya ce, "Taɓa ka ji, Alhaji." In ya yi daidai, sai a faɗi na nawa ake so, a kuma nuna wuri: tsoka zalla, ko a haɗa da kitse, ko haƙarƙari, ko hanta da ƙoda da tumbi. Wuƙa na sauka kan katako da sauri, a tattara naman a takarda, a yanka albasa da tumatir, wani lokaci da kabeji, a zuba yaji a gefe. Kafin a naɗe sai mai saye ya ce, "Ina gyara, Malam?" Ba a cika hana gyara ba, domin yanka biyun nan da aka ƙara su ne ke dawo da mutum gobe.

Yaji shi ne sa hannun kowane mai nama. Tushensa sananne ne: barkono, citta, kanumfari, masoro, kimba, gishiri, ɗanɗanon girki da garin ƙuli. Yawan kowanne a cikin haɗin ne ba a faɗa wa kowa, kuma sau da yawa matan gida ne ke daka shi.

Kilishi kuwa ya fi su duka cin lokaci, kuma busasshiyar iskar Sakkwato ta dace da shi. Ana zaɓar tsokar cinyar sa marar kitse, a fere ta da wuƙa mai kaifi har ta zama shimfiɗa ɗaya mai faɗi, siririya kamar takarda. A shanya a kan gadon kara ta bushe, sannan a tsoma ta cikin labu, wato kwaɓin tunkuza da albasa da kayan yaji, wani da ɗan zaƙi wani babu. A sake shanyawa, daga ƙarshe a nuna wa wuta na ɗan lokaci. Kilishi mai kyau yana yin watanni bai lalace ba in an kiyaye shi daga laima, abin da ya sa ya zama guzurin matafiyi tun zamanin fatauci, yanzu kuma tsarabar da ake saye a tasha da hanyar filin jirgin sama. Da damina aikin kan ja baya saboda rana ba ta isa. Sana'ar ɗaya ce da ta maƙwabta a jihar Tawa ta Nijar, inda garin Madawa ya yi suna a kanta.

Bayan waɗannan akwai gasassun kaji da zabi, dambun nama, ganda, da farfesun kai da ƙafa. Kifi, ko kihi a bakin 'yan gari, yana zuwa daga Gulbin Rima da madatsar ruwa ta Goronyo, ana kuma samunsa ɗanye da soyayye a wajen Kwalkwalawa, kan hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Idan kakarta ta zo, soyayyar fara da yaji ma na da masoyanta.

Gidajen abinci

Mafi tsufa a cikinsu su ne rumfunan tuwo na bakin kasuwa da tasha, waɗanda galibi mata ke riƙe da su. Benci ne da tebur da butar wanke hannu, a bayan labule kuma manyan tukwane. Ana samun tuwon shinkafa ko na dawa ko na masara, da miyar kuka, kuɓewa, taushe ko sure, ga shinkafa da wake da mai da yaji ga mai ƙaramin ƙarfi. Leburan Sabuwar Kasuwa da direban da ya kwana a hanya ba sa tambayar takardar jerin abinci. "Hajiya, a sa mini tuwo biyu, nama ɗaya," shi ke nan. Da safe masu waina da ƙosai da koko ne ke tare bakin layi, ana kuma samun hoce, wanda ake yi da garin dawa, abincin da mutanen Sakkwato da Kabi da Zamfara suka fi kowa saninsa.

Zaman Sakkwato hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, sannan ta Jihar Sakkwato a 1976, da kafa jami'ar da yanzu ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1975, sun jawo ma'aikata da ɗalibai daga ko'ina a Najeriya. Tare da su sakwara da amala da teba da miyar agushi suka samu gindin zama, har Hausawan gari suka saba da su. Manyan otal irin su Giginya da Shukura suna da ɗakunan cin abinci na baƙi da mahalarta taro.

Sabon salo shi ne gidajen abinci masu gilashi da na'urar sanyaya ɗaki da ke kan manyan tituna, irin su titin Ahmadu Bello da hanyar Kano da ta Maiduguri. A nan ake samun soyayyar shinkafa da kaza, mitfai, askirim, shawarma da boga. Boga burodi ne mai zagaye da aka raba biyu aka sa niƙaƙƙen nama gasasshe a tsakiya da latas da tumatir. Sunansa na asali ya samo tushe daga birnin Hambag na Jamus, amma Amurka ce ta yaɗa shi a duniya. Shawarma kuwa daga Gabas ta Tsakiya ta fito, kuma ta fi boga karɓuwa a wurin matasa, wataƙila don ta fi kusa da abin da harshe ya saba, nama ne da yaji a naɗe. Amfanin waɗannan wurare ya wuce abincin da ke cikinsu. Tukuba da teburin shayi wuraren maza ne, mace sai dai ta aika yaro ko maigida ya shigo mata da ƙunshi. Sabbin gidajen sun ba magidanci wurin da zai zauna da iyalinsa, musamman a ranakun sallah. Mata da yawa kuma sun mayar da ɗakin girkinsu wurin sana'a, suna tallata abinci ta WhatsApp da Instagram, mai babur ya kai har ƙofar gida.

Bayan isha'i

Jihar Sakkwato na cikin jihohin Arewa da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, kuma tun kafin nan garin na malamai ne. Giya ba ta da wuri a fili, don haka wanda ya zo neman irin daren Legas ba zai same shi a titunan Sakkwato ba. Daren garin na hira ne. Kowace unguwa, daga Kanwuri zuwa Mabera da Arkilla da Gidan Igwai, tana da majalisunta, inda sa'annin juna ke haɗuwa a wuri ɗaya kowane dare shekara da shekaru. A nan ake jin wanda ya haihu da wanda ya rasu, a yi gardamar siyasa, a haɗa gudummawar biki. In aljihun wani ya yi nauyi sai ya aika a sayo balangu, a buɗe takardar a tsakiyar tabarma kowa ya sa hannu.

Mai shayi shi ne na ƙarshen tashi. Teburinsa ba ya ɓacewa: gwangwanayen madara da Bournvita a jere, burodi a tsaye, kiret ɗin ƙwai, katan ɗin Indomie, da babbar buta a kan wuta. Yana ɗaga kofi sama yana tsiyaya shayin cikin wani kofin har ya yi kumfa ya huce daidai sha. Ɗan acaɓa da mai gadi da ɗalibi da ma'aikacin asibitin da ya sauka daga aiki duk benci ɗaya suke zama. Kusancin garin da Nijar ya sa shayin Buzaye ma ya samu shiga, wanda ake dafawa a 'yar ƙaramar buta kan gawayi a sha sau uku, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi. Matasa kuwa, a daren da ake buga gasar Firimiya ta Ingila ko ta zakarun Turai, gidajen kallon ƙwallo suke cikawa, in an tashi kuma a zarce wurin mai Indomie a ƙarasa gardamar.

Sana'ar ta ji jiki a 'yan shekarun nan. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tilasta wa masu nama da masu shayi karɓar kuɗi ta waya ko ta na'urar POS, abin da ya zauna har yau. Cire tallafin man fetur a watan Mayun shekarar ya ɗaga kuɗin dakon dabbobi da na kunna janareta. Rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, wadda Najeriya ba ta buɗe ba sai Maris 2024, da matsalar 'yan bindiga da satar shanu a gabashin jihar, sun rage dabbobin da ke isowa Kara. Mai saye ya ga haka a cikin takardarsa, inda ƙunshin ya ƙanƙance kuɗin kuma ya ƙaru.

Watan azumi ne ke juya tsarin gaba ɗaya. Rumfunan tuwo na rufe da rana, da la'asar kuma tituna su cika da masu ƙosai, kunun tsamiya, zoɓo, dabino, kankana da ƙanƙara. Gwamnatin jiha da masu hali na buɗe wuraren ciyarwa don buɗa baki. Bayan asham masu nama ke samun cinikin da ya fi na kowane wata, a goman ƙarshe kuma masu shayi ba sa kashe wuta sai an yi sahur, saboda masu dawowa daga tahajjudi. A Babbar Sallah ne kaɗai tukuba ke hucewa. Kowane gida na da naman layya, mahautan kansu suna bin gidaje suna fiɗa, ƙamshin suya na fitowa daga kowane zaure, kuma sai naman da aka soya aka adana ya fara ƙarewa sannan mai tsire ke komawa ya share tokarsa ya hura wuta.