Wahala da Nagartar Allah a Tauhidin Kirista

Tambayar dalilin da ya sa Allah nagari, Mai Iko Duka, yake barin wahala a duniya tana cikin tsofaffin matsalolin tauhidin Kirista. Ga yadda ake kafa ta: in yana so ya kawar da mugunta ya kasa, ikonsa bai cika ba; in zai iya amma ya ƙi, ina nagartar? Ana jingina wannan gardama ga Efikuros, masanin falsafa na tsohuwar Girka. A 1710 Bajamushe Gottfried Leibniz ya raɗa wa ƙoƙarin amsa ta suna tiyodisi, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin Allah da adalci.

Littafi Mai Tsarki ya fi ƙarfi wajen rusa amsar da ta fi saurin zuwa baki, wato wanda ya sha wuya alhakinsa ne ya kama shi. Ayuba ya rasa dukiya da 'ya'ya goma, miki ya rufe shi daga tafin ƙafa har ka, ya zauna cikin toka yana susa da tsingaro. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun zauna tare da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Da suka buɗe baki sai suka dage lallai akwai zunubin da ya ɓoye. Ana yabon haƙurin Ayuba, amma wanda ya karanta littafin ya san mutumin ya la'anci ranar haihuwarsa, ya nemi a gurfana da shi gaban Allah. Da Allah ya amsa daga cikin guguwa, bai faɗa masa dalili ba, tambayoyi ya jero masa game da halitta. A sura ta 42 kuwa abokan ne aka tsawata wa. Haka Yesu ya yi a Yohanna sura 9 game da wanda aka haifa makaho, da kuma a Luka 13 game da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa: ba su fi sauran mutane laifi ba.

Agustin na Hippo (354–430), haifaffen ƙasar da ake kira Aljeriya yau, ya ce mugunta ba halitta ba ce, rashin alheri ce, kamar yadda duhu yake rashin haske, kuma ta shigo ne ta 'yancin zaɓi da aka yi amfani da shi a karkace. Masanin falsafa Ba'amurke Alvin Plantinga ya sabunta hujjar 'yancin zaɓi a 1974. Wani layin ya samo tushe daga Ireniyos, bishop na Liyon (a Faransa ta yau) a ƙarni na 2, masanin falsafa ɗan Birtaniya John Hick kuma ya farfaɗo da layin a 1966: an halicci mutum bai balaga ba, duniya kuwa wurin reno ne.

Kowace amsa da inda take ɗingishi. 'Yancin zaɓi yana bayyana kisan kai, amma da ƙyar yake taɓa girgizar ƙasa irin wadda ta rushe Lisbon, babban birnin Fotugal, ranar 1 ga Nuwamba 1755, ana tsakiyar sujadar ranar tsarkaka. Batun reno ma nauyi yake yi a baki in jariri ne a kwance.

Shi ya sa wasu malamai suka juya ga gicciye, inda Yesu ya yi kuka da kalmomin Zabura 22 yana tambayar Allah don me ya yashe shi. Malamin tauhidi Bajamushe Jürgen Moltmann, wanda ya tsira daga ruwan bama-baman Hambug a 1943 yayin da abokinsa ya mutu a gefensa, ya rubuta a 1972 cewa Allah da kansa yana cikin shan wuyar. Marubuci ɗan Birtaniya C. S. Lewis ya fitar da littafin hujjoji kan ciwo a 1940. Bayan cutar daji ta kashe matarsa a 1960 ya sake rubuta wani, cike da fushi da shakka, ya buga shi a 1961 da sunan aro.