Koyon Sifaniyanci daga tushe: tambayoyin da mai farawa ke yi

Kimanin mutum miliyan 500 ne suka tashi da Sifaniyanci a bakinsu, kuma shi ne harshen gwamnati a ƙasashe 20, mafi yawansu a Latin Amurka. Meziko kaɗai ta fi Sifaniya yawan masu magana da shi nesa ba kusa ba. A Afirka ma akwai Equatorial Guinea, maƙwabciyar Kamaru, wadda ta samu 'yanci daga Sifaniya a 1968. Akasarin darussan da ke yawo a waya an tsara su ne don mai jin Turanci, shi ya sa suke daɗewa a kan abin da Bahaushe ya riga ya sani, su kuma yi tsalle su wuce inda yake tuntuɓe.

Tambaya: Karanta shi da furta shi suna da wuya?

Amsa: A nan ne aka fi samun sauƙi. Wasulansa biyar ne, a, e, i, o, u, kuma yadda kake furta su a rubutun boko haka suke a can, ba sa sauya murya daga wannan kalma zuwa waccan. Idan ka ga casa ka ce "kasa", idan ka ga mesa ka ce "mesa".

Haruffa kaɗan ne za ka yi wa haddar musamman. Ba a furta h ko kaɗan, saboda haka hola, gaisuwar da kowa ke farawa da ita, "ola" ce. Harafin j daga maƙogwaro yake fitowa, wanda ya yi karatun allo ya san shi a harafin kha na Larabci. Harafin ñ "ny" ne, España "Espanya" ke nan. Ll kuma a yawancin ƙasashe kusa da "y" yake. B da v sauti ɗaya ne, abin da zai yi wa Bahaushe daɗi tunda dama ba mu da v. Sai r guda biyu da ke ba Bature ciwon kai: a pero, wato "amma", harshe sau ɗaya yake taɓa dasashi, a perro, wato "kare", sai ya kaɗa sosai. Mai cewa "carbi" da "biyar" kullum ba zai sha wuyar wannan ba.

Tambaya: To ina namu tuntuɓen yake?

Amsa: A p da f. Mu a Hausa ko ka ce "fanka" ko "panka" kowa ya gane ka. A Sifaniyanci haruffa biyu ne daban, kuma ma'ana tana sauyawa: puente gada ce, fuente kuwa maɓuɓɓugar ruwa. Wajen p leɓɓa biyu suke haɗuwa su buɗe da ƙarfi, wajen f haƙoran sama ne ke sauka a kan leɓen ƙasa iska ta kurɗa. Ka tsaya gaban madubi tun makon farko ka riƙa kallon bakinka, domin idan baki ya saba da kuskuren, gyaransa daga baya aiki ne ja.

Na biyu shi ne gaɓar da ake dannawa. Kalmar da ta ƙare da wasali, ko n, ko s, gaɓa ta biyun ƙarshe ake dannawa. Sauran kuma gaɓar ƙarshe. In kalma ta saɓa wa wannan ƙa'ida sai a ɗora mata ɗan karan nan a kan wasali. Kada ka raina shi: hablo "ina magana" ne, habló kuma "ya yi magana".

Tambaya: An ce hatta tebur da kujera suna da jinsi. Yaya mutum zai riƙe wannan?

Amsa: Ai ka daɗe kana yin haka. Wa ya taɓa koya maka cewa "farar riga" ake cewa amma "farin wando"? Kuma yawancin sunayen da muke ɗauka mata da a suke ƙarewa: riga, gona, mota, kasuwa. Haka abin yake a Sifaniyanci. Mai ƙarewa da a galibi mace ce, ana sa mata la: la casa, gida, la mesa, tebur. Mai ƙarewa da o galibi namiji ne, ana sa masa el: el libro, littafi. Siffa ma tana bin jinsin, sai dai ita a bayan suna take zuwa: caballo blanco, farin doki, camisa blanca, farar riga. Kamar yadda muke da "gida" da "ruwa" da suka ƙare da a amma maza ne, su ma suna da el día, yini, el mapa, taswira, da el problema, matsala, ga kuma la mano, hannu, da ta ƙare da o amma mace ce.

Abin da nake jan kunne a kai shi ne kada ka kwashi jinsin kalmar Hausa ka ɗora wa tasu. Rana a wurinmu mace ce, wata namiji. A wurinsu el sol namiji ne, la luna mace. Maganin abin shi ne kada ka taɓa haddace suna shi kaɗai, ka haɗa shi da el ko la ɗinsa tun ranar farko.

Jam'i kuwa, wanda ya iya gida gidaje, doki dawaki, littafi littattafai, hutu ya samu: s ko es kawai ake ƙarawa. Libros, littattafai, ciudades, birane.

Tambaya: Wane ɓangare ne zai fi cin lokacina?

Amsa: Fi'ili, kuma babu hanyar ratse. A Hausa fi'ilin yana zaune, wakilin suna ne ke sauyawa: ina magana, kana magana, muna magana. A Sifaniyanci wutsiyar fi'ilin ce ke gaya maka wanda ya yi aikin da lokacin da ya yi shi. Ɗauki hablar, yin magana: hablo, ina magana, hablas, kana ko kina magana, habla, yana ko tana magana, hablamos, muna magana, hablan, suna magana. Tunda wutsiya ta riga ta faɗi mai aikin, ba dole ba ne a ce yo, wato "ni", sai in ana son jaddadawa.

Fi'ilai gida uku ne, masu ƙarewa da ar, er da ir, misali hablar, comer, cin abinci, da vivir, zama a wuri. Ka iya wutsiyoyin waɗannan ukun, ka buɗe ƙofar ɗaruruwan fi'ilai. Matsalar ita ce waɗanda aka fi amfani da su su ne masu taurin kai. Ir, tafiya, ya koma voy, vas, va. Tener, mallaka, ya koma tengo, tienes, tiene. Waɗannan sai hadda da maimaici da babbar murya, kuma a cikin jimla: Voy al mercado, zan tafi kasuwa. Shawarata ita ce ka zauna a kan lokaci mai ci har ya kama bakinka kafin ka taɓa shuɗaɗɗe. Abin da za a yi nan gaba ma kana iya faɗarsa tun yanzu da voy a: voy a comer, zan ci abinci.

Tambaya: Me ya sa ake yawan kuka da ser da estar?

Amsa: Domin aikin da waɗannan fi'ilai biyu ke yi, a Turanci da Faransanci fi'ili ɗaya ne ke yin sa. Mu kuwa dama mun raba. Inda za ka ce "ne" ko "ce", can ser yake: Soy estudiante, ni ɗalibi ne, Ella es médica, ita likita ce. Inda za ka faɗi wurin da mutum yake ko halin da yake ciki yanzu, estar ne: Estoy en Kano, ina Kano, Estoy cansado, na gaji. Ba kowace jimla wannan ma'auni zai warware ba, amma zai kai ka nesa. Dubi es listo, mai wayo ne, da está listo, ya shirya. Yunwa da shekaru kuma da tener ake faɗarsu: tengo hambre, ina jin yunwa, tengo veinte años, shekarata 20.

Tambaya: Yaya ake girmama babba a magana?

Amsa: Tú na aboki ne da yaro da ɗan gida, ba ruwansa da mace ko namiji. Usted na dattijo ne da baƙo da shugaba a wurin aiki, kamar yadda muke ce wa babba "kun tashi lafiya". Ka ce wa abokinka ¿Cómo estás?, ka ce wa dattijo ¿Cómo está usted? Alamar tambaya da ka gani a kife a farkon jimla ƙa'idar rubutunsu ce.

Tambaya: Da gaske akwai Larabci a cikinsa?

Amsa: Ƙwarai. Musulmi sun yi mulki a Andalus, a yankin Sifaniya, daga 711 har faɗuwar birnin Granada a 1492, kuma ana ƙiyasta kalmomin da Larabci ya bari a harshen sun kai dubbai. Wasunsu kunnenka zai gane su nan take, domin mu ma daga can muka aro: azúcar sukari, aceituna 'ya'yan zaitun, hasta kuwa hatta ce, tana nufin "har". Alcalde da alƙali tushensu ɗaya, sai dai a can magajin gari yake nufi. Ojalá, da suke faɗa idan suna fatan wani abu, sunan Allah ne a ƙarshenta.

Tambaya: Waɗanne kalmomi zan fara da su?

Amsa: Waɗanda za ka yi amfani da su gobe. Buenos días da safe, buenas tardes da rana zuwa yamma, buenas noches da dare. Gracias, na gode, por favor, don Allah, me llamo, sunana, ¿cuánto cuesta?, nawa ne. No entiendo, ban gane ba. Sai ƙirga daga uno, dos, tres har cien, ɗari. In kana cikin masu cika gidan kallo ranar da Real Madrid da Barcelona za su kara, ka nemi sharhin wasan da Sifaniyanci: portero mai tsaron gida, delantero ɗan gaba, tarjeta roja jan kati, fuera de juego satar gida. Kana ganin abin da idonka lokacin da ake faɗarsa, don haka kalmar ba ta gudu.

Tambaya: Na Sifaniya zan koya ko na Latin Amurka?

Amsa: Duk suna fahimtar juna, kuma rubutun ɗaya ne. A yawancin Sifaniya ana furta z, da c mai zuwa kafin e ko i, da harshe tsakanin haƙora, a Latin Amurka kuwa s ce kawai. Mutanen Sifaniya suna ce wa abokai da yawa vosotros, a Latin Amurka kuma ustedes ake ce wa kowa, wutsiya ɗaya ta ragu maka ke nan. In karatu ko aiki a Sifaniya ka nufa, bi nasu, kuma ka sa ido kan jarrabawar DELE, ta shaidar iya Sifaniyanci, da cibiyar Instituto Cervantes ke shiryawa, mai matakai shida daga A1 zuwa C2. Mai farawa A1 yake nema.