Leda mai ruɓewa ba ta ruɓewa a rairayi

A kasuwar Dole ta Damagaram za ka ji ana cewa leda mai ruɓewa, ko'ina ka yar da ita, ƙasa take zama. Ba haka ba ne.

Irin wadda ake yi da sitacin masara, wato PLA, ba ta ruɓewa sai cikin tulin taki mai danshi, da zafi kusan digiri 58. Zafi da laima ne ke fara tsinka ta, sannan bakteriya irin su Amycolatopsis su cinye gutsattsarin, su bar ruwa da iskar kabon. Ko a nan ma sai ta yi watanni.

A busasshen rairayin unguwar Birni kuwa, ina laimar? Ledar tana nan maƙale a ƙaya har akuyar wata baiwar Allah ta haɗiye ta, cikinta ya kumbura. Wannan ke ci mini rai.