Rigar Ruwa Kayan Sana'a Ce: Kira Ga Masuntan Tafkin Kainji Da Kewaye

Duk wanda aikinsa ya sa yake zagaya ƙauyukan masunta da ke bakin Tafkin Kainji, daga Yawuri zuwa Ngaski da Wara, har a gangara ɓangaren Borgu, ya san yadda ake dawowa daga ruwa da asubar watan Agusta. Kwalekwale yana isowa gaɓa, mutum yana saukowa da riga ta manne masa a jiki, haƙoransa suna haɗuwa, yatsunsa sun yi fari sun yamutse, har ba ya iya kwance igiyar da ya ɗaura da hannunsa jiya da daddare. Idan aka yi masa sannu sai ya ce ai wanda ya shiga ruwa ba ya tsoron jiƙewa, kuma haka ya tarar da iyaye da kakanni suna yi. Na daɗe ina jin wannan amsa, kuma ina girmama juriyar da ke cikinta, amma aikina na malamin lafiya ya nuna mini abin da take jawowa, shi ya sa nake son mu yi maganar tsakani da Allah.

Masunci ba ya jinkirin kashe kuɗi a kan ire-iren koma kamar kalli ko taru ko birgi, yana gyara injin jirginsa da zarar ya ji sautinsa ya canza, yana toshe kwalekwale tun kafin ya fara yoyo. Amma jikin da ke jan komar, wanda idan ya kwanta komai ya tsaya, shi ne ake bari da tsohuwar riga da buhun taki da aka huda wa wuya, ko ledar da aka yafa a kafaɗa. Rigar ruwa ta ƙwarai kayan sana'a ce kamar filafili, kuma ya kamata ta shiga lissafin jarin da ake yi kafin damina.

Ga dalilin da ya sa nake faɗin haka. Zafin jikin ɗan Adam mai lafiya yana tsayawa ne a kusan digiri 37 a ma'aunin Salshiyas, kuma da zarar ya sauka ƙasa da digiri 35 an shiga haɗari. Ruwa yana janye zafi daga jiki fiye da yadda busasshiyar iska ke yi har kusan sau 25, idan kuma iska ta bugi rigar da ta jiƙe, sai zafin ya ƙara gudu. Mutane da yawa suna ɗauka cewa wannan matsala ce ta ƙasashen ƙanƙara kawai, alhali ba sai ruwa ya yi sanyin ƙanƙara ba kafin ya yi illa. Awa biyar ko shida a tsakiyar tafki cikin marka, da jiƙaƙƙiyar rigar auduga da iskar dare, ko kuma asubar hunturu a watan Disamba da Janairu lokacin da igiyar ruwa ke fantsamo wa mutum a ƙirji, sun isa su rage masa zafin jiki sannu a hankali ba tare da ya ankara ba. Abin da ke fara tafiya shi ne ƙarfin yatsu, sai saurin tunani, sai daidaiton tsayuwa. Mutumin da ke tsaye a bakin kwalekwale yana jan koma mai nauyi, hannunsa ya mutu, kansa ya yi nauyi, shi ne wanda ƙaramar igiyar ruwa ke iya jefawa cikin tafki. Wannan ne ya fi damuna, fiye da mura da ciwon jikin da aka fi kawo mana kuka a kansu.

Bayan sanyi akwai abin da daɗewa cikin danshi ke yi wa fata. Cin ruwa a tsakanin yatsun ƙafa, da makero a matsematsi da hammata, da ƙananan raunukan da ƙayar kurungu ko ƙugiyar mamari ke yi waɗanda ba sa warkewa saboda kullum a jiƙe suke, duk abubuwa ne da nake gani kusan kowane mako. Sai kuma tsargiya, wadda ta zama ruwan dare a garuruwan bakin ruwa har wasu iyaye suna ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar balagar yaro. Ƙwayar cutar tana fitowa ne daga wata ƙaramar katantanwa da ke zaune a ruwa marar gudu, cikin ciyayin gaɓa, kuma tana huda lafiyayyar fata ta shiga jiki ko da babu rauni. Maganinta, wato Praziquantel, yana aiki, amma wanda ya sha ya koma ya tsaya tsirara ƙafa a cikin ruwan nan zai sake kamuwa. Dogon takalmin roba da safar hannu ta roba suna rage haɗuwar fata da ruwan gaɓa, musamman ga masu kafa gura, wato tarkon kifi, da masu wanke koma da mata masu gyaran kifi kafin a kai shi banda.

Ba mu ne muka fara fuskantar wannan matsala ba, kuma yana da kyau mu san cewa rigar ruwa irin ta aiki tana da dogon tarihi. A shekarar 1823 wani masanin haɗa sinadarai a Sikotilan mai suna Charles Macintosh ya yi rajistar dabarar manna yadi biyu da narkakken danƙo a tsakaninsu. A 1877 kuma wani kyaftin ɗin jirgin ruwa ɗan ƙasar Norwe, Helly Hansen, shi da matarsa suka fara jiƙa yadi mai kauri da man wani tsiro don ruwa ya riƙa zamewa a kansa, suna ɗinka wa matuƙa jirgi. A 1964 Guy Cotten ya fara ɗinka wa masuntan gaɓar Faransa riguna masu launin rawaya da har yau ake sanin su da su. Matuƙa jirgi da masuntan da aka ɗinka wa waɗannan riguna suna aiki ne a teku mai tsananin sanyi, saboda haka ba duk abin da ya dace da su ne zai dace da mu ba, amma darussan da suka koya a kan ɗinki da launi da yanka suna da amfani a Kainji kamar yadda suke da shi a can.

Rigunan ruwan da ake samu a kasuwanninmu, sababbi da na gwanjo, galibi iri uku ne. Akwai yadin da aka shafe da roba mai kauri da ake kira PVC, wanda shi ne masuntan teku suka fi amfani da shi domin ruwa ba ya ratsa shi ko kaɗan, yana jure gogayya da igiya da katako, kuma ana wanke masa ƙarnin kifi da man inji cikin sauƙi. Aibinsa shi ne nauyi, da kuma riƙe gumi. Akwai wanda aka shafe da roba mai laushi da ake rubuta wa PU, ya fi sauƙi, yana miƙewa idan mutum ya sunkuya, amma bai kai na farko ƙarko ba. Na uku shi ne irin yadin da ke hana ruwa shiga amma yana barin tururin gumi ya fita, kamar Gore-Tex, wanda yake da tsada kuma datti da maiƙon kifi suna rage masa aiki. A ganina, ga mai jan koma kullum, PVC mai matsakaicin kauri ko PU mai kyau ya fi dacewa. Siririyar rigar leda ta 'yan makaranta kuwa asarar kuɗi ce, ba ta kai mako guda a cikin kwalekwale.

Wurin da ya kamata mai saye ya fi sa ido shi ne mahaɗar yadin. Duk inda allura ta bi ta bar huda, kuma ta nan ruwa ke shiga. Rigar aiki ta gaskiya ana narka gefunan yadinta ne a manne su da zafi, ko kuma idan an ɗinka a bi bayan ɗinkin da wani zirin roba daga ciki. A juya rigar, a duba kafaɗa da hammata da tsakanin ƙafafun wando, a ɗaga ta a rana a ga ko haske yana ratsowa, sannan a ja mahaɗar da hannu biyu. Idan ta gwanjo ce a lanƙwasa yadin a gani, domin robar da ta tsufa tana tsattsagewa ko ta riƙa danƙo a hannu. A duba cewa akwai marfi a kan zif ɗin gaba, hular tana da igiyar ɗaurewa kuma ba ta tare gefen ido, bakin hannun kuma yana matsewa, don kada ruwa ya gangaro zuwa hammata duk lokacin da aka ɗaga hannu ana jan igiya. Wasu riguna suna ɗauke da lambar EN 343, wadda ma'aunin Turai ne na kayan kariya daga ruwan sama, kuma ganinta alama ce mai kyau, ko da yake gwajin ido da hannu bai kamata a bar shi ba.

Game da yanka, riga da wando daban-daban sun fi doguwar riga mai kaiwa ƙwauri, wadda ke harɗe ƙafa kuma iska tana cika ta. Wando mai rufe ƙirji wanda ake ratayawa a kafaɗa shi ne ya fi amfani, domin yawancin jiƙewar masunci daga komar da yake jawowa jikinsa take zuwa, kuma idan ruwan sama ya ɗauke yana iya cire rigar ya ci gaba da aiki da wandon kaɗai. Ƙafar wando ta sauko a kan takalmi, kada a cusa ta ciki, in ba haka ba duk ruwan da ya gangaro a takalmin zai taru. A guji riga mai igiyoyi da maɓallai barkatai a gaba, saboda kalli yana kama su, kuma komar da ke sauka cikin ruwa da nauyi tana iya tafiya da mutum. Launi ma ba ado ba ne. Rawaya ko ruwan lemo ana hango su daga nesa cikin hazo da duhun asuba, baƙi da kore mai duhu kuwa suna ɓacewa a kan ruwa, kuma na ga mutane suna zaɓar su don kawai ba sa nuna datti.

Akwai gargaɗi biyu da ba zan yi sassauci a kansu ba. Na farko, rigar ruwa ba rigar ceto ba ce, ba ta ɗaga mutum a kan ruwa, hasali ma tana wahalar da iyo. Wandon nan mai haɗe da takalmi da ke kaiwa ƙirji yana da kyau ga mai aiki a gaɓa inda ruwa bai wuce cinya ba, amma idan mutum ya faɗa tafki da shi ya cika da ruwa, hawowa cikin kwalekwale yana zama abu mai matuƙar wuya. Wanda zai sa shi ya ɗaure ƙugu da bel, kuma kada ya shiga zurfi da shi. Rigar ceto ana sa ta ne a saman rigar ruwa, a ɗaure ta sosai. Mutanen wannan yanki ba su manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayun 2021 ba, da yawan rayukan da aka rasa, kuma hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta daɗe tana nanata sa rigar ceto. Iya iyo, wanda Sarkawa ke alfahari da shi kuma sun cancanta, ba ya taimakon wanda sanyi ya riga ya kashe wa hannu.

Na biyu shi ne zafi. Ƙasarmu ba Norwe ba ce, kuma roba mai kauri a rana tsaka tana iya jawo abin da ya fi jiƙewa muni. Gumi yana taruwa a ciki, jiki ya kasa huce kansa, sai jiri da ciwon kai da murɗewar nama su biyo baya. Rigar ta zama mai ɗan yalwa don iska ta zagaya, a cire ta da zarar ruwa ya ɗauke rana ta fito, a kuma riƙa shan tsabtataccen ruwa da aka taho da shi daga gida. A ƙarƙashinta, rigar roba mai saurin bushewa irin ta 'yan ƙwallo ta fi auduga, wadda ke shan ruwa ta riƙe. Haka kuma rigar ruwa da takalmin roba ba sa kare kowa daga tsawa, don haka idan hadari ya haɗo ana walƙiya, gaɓa ake nema. Wannan magana ta shafi manoman shinkafa a fadama da masu haƙar yashi da 'yan acaɓa, waɗanda su ma suke wuni cikin ruwan sama.

Idan aka fito da mutum yana rawar sanyi mai tsanani, ko maganarsa tana harɗewa, ko ya rikice yana jin barci, a kai shi inda iska ba ta bugawa, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a goge shi, a lulluɓe shi da busasshen bargo har kansa, a fara ɗumama ƙirji da ciki. Idan yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, a ba shi shayi ko kunu mai ɗumi da sukari. Kada a murza masa hannu da ƙafa da ƙarfi, kada a manna shi da wutar banda, kada kuma a ba shi giya ko ƙwaya. Idan rawar sanyin ta tsaya alhali jikinsa yana nan da sanyi kuma hankalinsa bai dawo ba, lamarin ya tsananta ne, a garzaya da shi asibiti a kwance. Ina roƙon matasa musamman su bar shan Tramadol da sunan maganin sanyi, domin tana dushe jin sanyin ne kawai alhali jiki yana ci gaba da hucewa. Kowane kwalekwale ya kamata a ajiye masa busasshiyar riga da zane a ƙulle cikin leda, abin da ba ya cin ko sisi.

Na san kuɗi ne babban cikas, kuma ba zan yi kamar ban sani ba. Shawarar da nake ba sarakunan ruwa da shugabannin ƙungiyoyin masunta ita ce a haɗa kuɗi ko a yi adashi tun cikin bazara, a sayo da yawa lokaci guda kafin ruwa ya sauka farashi ya hau, a kuma sa yaran da ke bin iyayensu su cikin lissafi, domin ƙaramin jiki ya fi saurin rasa zafi. Rigar da aka saya kuma tana daɗewa idan an kula da ita. A ɗauraye ta da ruwa da ɗan sabulu bayan aiki, a juya cikinta a shanya a inuwa, kada a bar ta a kan rufin kwano ko kusa da murhun banda, kada kuma fetur ya zauna a kanta, domin rana da zafi da mai su ne ke busar da roba ta tsage. Ƙaramar huda kuwa mai facin taya yana iya toshe ta da gam da ɗan ƙyallen roba daga ciki, matuƙar an wanke wurin ya bushe kafin a manna.